Babi Na Uku: Dabarar Lilo a Wasannin Bidiyo Na Dandamali

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin tsalle a matsayin ginshiƙin wasannin bidiyo na dandamali, wato ire-iren wasannin nan da ake tsallake ramuka da shingaye daga wannan tudu zuwa wancan. Wannan babi kuwa zai dubi wata dabara ce da ke biye da tsalle a muhimmanci, inda ake kama igiya ko kuranga ko sandar ƙarfe a yi reto da ita har a ƙetare wurin da tsalle kaɗai ba zai kai mutum ba. An zaɓi a kira wannan dabara lilo, domin ita ce kalmar da Bahaushe ya saba da ita tun yana yaro, lokacin da yara kan ɗaura igiya a reshen bishiya su riƙa hawa suna kai da komo.

Domin gudun ruɗani, a duk tsawon babin za a riƙa kiran mutumin da ke riƙe da abin sarrafa wasa mai wasa, shi kuwa hoton mutum ko dabbar da yake sarrafawa a kan allo za a kira shi jarumi. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, lilo ya bambanta da tsalle ta fuskar iko. A wajen tsalle mai wasa ne ke da iko tun daga tashi har zuwa dira, amma da zarar jarumi ya kama igiya, to wani kaso na ikon ya koma hannun igiyar. Tarihin wannan dabara gaba ɗaya tarihi ne na yadda masu tsara wasanni suka riƙa raba wannan iko tsakanin mai wasa da igiya.

3.1 Tushen Lilo a Ilmin Kimiyya

Kafin a shiga misalai, ya kamata a fahimci dokar da ke tafiyar da duk wani abu mai nauyi da aka rataye a igiya, irin ƙarfen nan da ke reto a cikin tsohon agogon bango. Galileo, masanin nan na ƙasar Italiya, yana cikin waɗanda suka fara nazarin wannan motsi a wajejen shekarar 1602, sannan Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya yi amfani da shi ya ƙirƙiro agogo mai reto a shekarar 1656. Daga wannan ilmi akwai abubuwa huɗu da suka shafi wasannin bidiyo kai tsaye.

Na farko, lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo ya dogara ne ga tsawon igiya, nauyin wanda ke rataye ba ya sauya shi. Idan reton bai yi faɗi ainun ba, igiya mai tsawon mita 1 takan ɗauki kimanin sakan 2 ta je ta dawo, mai mita 4 ta ɗauki sakan 4, mai mita 9 kuwa sakan 6. Ke nan gajeriyar igiya tana buƙatar zafin nama, doguwa kuma tana ba mutum sararin yin tunani.

Na biyu, gudun mai lilo ba ɗaya ba ne a ko'ina. A ƙarshen kowane ɓangare yakan tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya fi gudu a daidai ƙasa, ƙarƙashin wurin da aka ɗaura igiyar. Wanda ya gangaro daga tsayin mita 5 zai iso ƙasan lilon da gudun kusan mita 10 a sakan guda, wato kimanin kilomita 36 a awa.

Na uku, duk lokacin da aka saki igiya, jiki yakan miƙe ne ya nufi inda yake fuskanta a daidai wannan lokaci. Wanda ya saki a ƙasan lilo yana da gudu amma ba shi da tashi, saboda haka nan da nan zai faɗo. Wanda ya jira har ƙarshe ya sami tsayi amma gudunsa ya ƙare, sai ya sulalo kusa da inda ya saki. Wurin da ya fi kai mutum nesa yana tsakanin waɗannan biyu, bayan an wuce ƙasa an fara hawa.

Na huɗu, mai lilo yana iya ƙara wa kansa ƙarfi ba tare da wani ya tura shi ba. Yaron da ke tsaye a kan lilo yakan durƙusa idan ya kai ƙarshe, ya miƙe idan ya iso ƙasa, kuma ta haka ne reton ke ƙara faɗi. A wasan bidiyo an mayar da wannan aiki zuwa danna hagu da dama a kan kari, ko kuma rage tsawon igiya da ƙara shi.

3.2 Inda Masu Tsara Wasanni Suka Samo Siffar Lilo

Masu tsara wasanni sun tarar da hoton mai lilo ya riga ya zauna a zukatan jama'a. A shekarar 1859 wani Bafaranshe mai suna Jules Léotard ya fara nuna wasan tashi daga wata sanda mai reto zuwa wata a birnin Faris, wasan da ya zama abin kallo a gidajen 'yan alkafura na duniya. Haka kuma akwai Tarzan, wanda marubucin Amurka Edgar Rice Burroughs ya ƙago a shekarar 1912, kuma fim ɗin da Johnny Weissmuller ya fito a cikinsa a 1932 ya yayata kururuwarsa da yawonsa a kan kurangar daji. Daga baya, a 1981, fim ɗin farko na Indiana Jones ya nuna yadda ake maƙala bulala a reshe a ƙetare rami da ita. Waɗannan abubuwa uku, wato sanda da kuranga da bulala, su ne kayan lilon da aka fi gani a wasannin dandamali.

3.3 Mataki Na Farko: Igiya Mai Lilo Da Kanta

Shekarar 1982 ita ce ta fito da lilo fili a wasannin bidiyo, domin a cikinta ne wasanni biyu suka bayyana da wannan dabara. Na farko shi ne Pitfall!, wanda David Crane ya tsara wa kamfanin Activision domin na'urar Atari 2600 a Amurka. Jarumin wasan yana da minti 20 ya tattara dukiya 32 da ke warwatse a cikin daji mai fage 255, kuma duk wannan an cusa shi ne a kaset mai ɗaukar kilobayit 4 kacal. A wasu fagagen akwai tafkin kwalta ko ruwa mai kadoji, da kuranga tana reto a samansa. Mai wasa yana sa jarumi ya yi tsalle ya taɓa kurangar, sai ya maƙale da ita, na'ura kuma ta fitar da wani sauti mai kwaikwayon kururuwar Tarzan. Idan ya kai ɗaya gaɓar sai mai wasa ya ja sandar sarrafawa ƙasa domin ya saki.

Na biyu shi ne Jungle King na kamfanin Taito na ƙasar Japan, wanda aka yi domin injinan gidajen wasa da ake jefa wa kuɗi. A kashinsa na farko babu ƙasar takawa ko kaɗan, jarumi yana tashi ne daga kuranga zuwa kuranga. Kamanninsa da Tarzan ya yi yawa har magadan Burroughs suka ɗauki matakin shari'a, abin da ya sa aka sake wa wasan suna zuwa Jungle Hunt, aka mayar da jarumin ɗan yawon bincike mai hular kwano, aka cire kururuwar, kurangar kuma ta koma igiya.

Abin lura a nan shi ne, a wasannin biyu igiya tana bin tafarkin da aka tsara mata ne tun farko. Ko jarumi ya kama ta ko bai kama ba, haka za ta ci gaba da kai da komo, kuma mai wasa ba ya iya ƙara mata gudu ko rage mata. Iyakar abin da ke hannunsa shi ne lokacin kamawa da lokacin saki. Wanda ya yi gaggawa a Jungle Hunt ya tashi kafin igiya ta gaba ta matso, ya yi abin da Hausawa ke cewa sakin reshe a kama ganye, domin faɗuwa ce za ta biyo baya tare da asarar rai guda. Wannan tsari bai ɓace ba ko bayan da na'urori suka ƙara ƙarfi, domin an sake ganin irinsa a Donkey Kong Country na shekarar 1994.

3.4 Mataki Na Biyu: Igiya a Hannun Mai Wasa

A mataki na biyu an daina rataye igiya a fage ana jiran jarumi, sai aka ba shi ita ya riƙa yawo da ita. Tokuro Fujiwara ya fara gwada wannan tunani a Roc'n Rope na kamfanin Konami a 1983, inda jarumi ke harba igiya ta kafe a dutse ya bi ta ya hau, ko da yake a nan babu reto. Bayan ya koma kamfanin Capcom sai aka fitar da Bionic Commando a 1987 domin gidajen wasa, sannan wani na daban mai wannan suna domin na'urar Nintendo ta gida a 1988.

Babban abin da ya bambanta Bionic Commando da sauran wasannin zamaninsa shi ne jaruminsa ba ya tsalle sam. Yana da hannun ƙarfe mai miƙewa wanda ake harbawa gaba, ko sama, ko a karkace tsakanin biyun. Idan hannun ya kama rufi a karkace, sai jarumi ya tashi ya yi lilo. Saboda haka ko ƙaramin rami sai da lilo ake ƙetare shi, kuma gwanin wasan shi ne wanda zai saki rufi, ya sake harba hannu yana cikin iska, ya kama wani wurin kafin ya faɗi. A nan mai wasa ya sami iko na uku bayan kamawa da saki, wato zaɓen wurin da zai rataya. Muhimmancin rashin tsallen ya fito fili a shekarar 2011, lokacin da aka sanya tsalle a Bionic Commando Rearmed 2, wasu masoya wasan suka nuna rashin jin daɗinsu bisa ganin an taɓa abin da ya sa wasan ya zama shi.

Wasannin da suka biyo baya sun ɗauki dabarar amma sun taƙaita ta. A Super Castlevania IV na 1991, Simon Belmont yana kaɗa bulalarsa ta fuskoki 8, amma ba ya lilo sai inda aka kafa zoben da bulalar za ta kama. A Super Metroid na 1994 ma sai a wasu tubala na musamman igiyar lantarki ke kamawa, sai dai mai wasa yana iya gajarta ta ko tsawaita ta, ya kuma ƙara ƙarfin reto da hagu da dama. A Earthworm Jim na wannan shekarar, jarumin tana ce a cikin rigar yaƙi, kuma jikinsa ne ake kaɗawa kamar bulala ya kama ƙugiya. Dalilin wannan taƙaitawa a bayyane yake: idan mai wasa zai iya ratayawa a ko'ina, zai iya tsallake wuraren da aka tsara ya bi, amma idan an kafa masa zobba, mai tsara wasa ya san hanyar da zai bi.

3.5 Mataki Na Uku: Igiya Mai Bin Dokar Kimiyya

Wasan da ya fi kowanne sakar wa igiya mara a zamanin na'urorin da ke nuna hoto a shimfiɗe shi ne Umihara Kawase, wanda ya fito a Japan a 1994 domin na'urar Super Famicom. Jarumar wasan yarinya ce mai riƙe da fatsa, kuma zaren fatsar yana miƙewa yana tsukewa kamar danƙo. Ƙugiyar tana kama kusan kowane bango ko rufi, zaren kuma yana lanƙwasa idan ya gogi kusurwa. A nan na'ura tana lissafa motsin ne a kowane lokaci gwargwadon tsawon zare da yadda ya ɗame da gudun jarumar, saboda haka da wuya a yi lilo biyu iri ɗaya. Gwani yana iya ɗame zaren ya sake shi ya cilla jarumar sama zuwa wata ƙofa da sabon shiga ba zai taɓa kai wa ba. Sai dai wannan 'yanci yana da tsada, domin wasan ya yi suna wajen wuya, kuma masu buga shi ba su kai na wasannin da aka ambata a sama yawa ba.

Da aka koma wasanni masu zurfin hoto, inda jarumi ke tafiya gaba da baya da kowane gefe, sai wata sabuwar matsala ta taso. A shimfiɗaɗɗen hoto lilo yana da fuska biyu ne kawai, amma a nan sai an daidaita inda jarumi ya dosa, ga kuma wahalar gane nisa a kan allo. A Tomb Raider: The Last Revelation na 1999, dole mai wasa ya juya Lara Croft a kan igiya har ta fuskanci inda za ta dira kafin ta fara reto, kuma kuskure kaɗan a wannan juyi yakan sa ta wuce gefe. Ratchet & Clank na 2002 ya kauce wa matsalar ta hanyar rataye alamomi a sararin sama waɗanda igiya ke nufa da kanta.

Spider-Man 2, wanda kamfanin Treyarch ya fitar a 2004, ya bi wata hanyar. Duk da cewa ba wasan dandamali zalla ba ne, ya gaji dabarar daga gare su. A wasannin Spider-Man da suka gabace shi zaren gizo yana kama sararin sama ne kawai, ko da gini ko babu. A wannan kuwa, bisa tsarin da Jamie Fristrom ya jagoranta, sai zaren ya sami gini na haƙiƙa ya kama, kuma wurin da ya kama shi ke yanke yadda lilon zai kasance. Idan ya kama ginin dama, jarumi zai karkata dama. Ta haka tsayin gine-ginen birnin New York da faɗin titunansa suka zama wani ɓangare na wasan.

3.6 Lilo a Kan Sanda

Akwai wani nau'in lilo da ba ya buƙatar igiya, inda jarumi ke kama sandar da aka gicciya ya riƙa juyawa da jikinsa kamar 'yan wasan motsa jiki. A nan jikin jarumi shi ne igiyar, kuma tun da gajere ne, juyin yana da sauri. An ga wannan a Aladdin na kamfanin Capcom a 1993, haka kuma a Ristar na kamfanin Sega a 1995, inda jarumi ke kewaya maƙali yana ƙara gudu har ya saki ya tashi kamar kibiya. Prince of Persia: The Sands of Time na 2003 ya haɗa lilon sanda da gudu a jikin bango da alkafura a jere guda. Domin rage zafin kuskure, an ba jarumin wuƙa mai mayar da lokaci baya na ɗan taƙi, ta yadda wanda ya saki sanda ba a kan kari ba zai iya komawa ya sake gwadawa.

3.7 Inda Wasanni Ke Kauce Wa Gaskiyar Kimiyya

Duk da abin da aka faɗa game da bin doka, babu wasan da ke bin ta baki ɗaya. Alal misali, wanda ya fara lilo igiyarsa tana miƙe daidai da wurin da aka ɗaura ta, idan ya iso ƙasa hannunsa zai ɗauki ninki uku na nauyinsa. Mai nauyin kilo 60 zai ji kamar yana riƙe da kilo 180, abin da ba kowa ne zai jure ba, balle da hannu ɗaya. Wasanni sukan yi watsi da wannan. Haka kuma sukan faɗaɗa wurin kamawa fiye da kaurin igiyar da ido ke gani, su ƙara wa jarumi ɗan tashi a lokacin saki, su kuma bar mai wasa ya karkata shi yana cikin iska.

Wannan sassauci shi ne ainihin abin da masu tsara wasanni ke aunawa. Idan ya yi yawa, mai wasa zai ji cewa na'ura ce ke yi masa aikin, daɗin gwaninta ya tafi. Idan ya yi kaɗan, yawancin mutane za su gaji da faɗuwa su ajiye wasan. Marvel's Spider-Man 2 na kamfanin Insomniac, wanda ya fito a 2023, ya miƙa wa mai wasa wannan hukunci, domin an sanya ma'aunin da zai rage ko ya ƙara taimakon da na'ura ke ba shi a lokacin lilo, da kuma zaɓin ko faɗuwa daga sama za ta yi wa jarumi lahani.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana ma'anar lilo a wasannin dandamali, da dokokin kimiyya huɗu da ya ginu a kansu, da kuma hanyoyin da siffarsa ta shigo daga gidajen 'yan alkafura da finafinai. An nuna cewa dabarar ta bi matakai uku: igiyar da ke reto da kanta kamar a Pitfall!, da igiyar da mai wasa ke zaɓar mata wurin kamawa kamar a Bionic Commando, da kuma igiyar da na'ura ke lissafa motsinta nan take kamar a Umihara Kawase da Spider-Man 2. An kuma ga cewa sabon mataki bai kore tsoho ba, domin kowanne yana da irin mai wasan da ya dace da shi. Abin da bai sauya ba tun daga 1982 shi ne lokacin saki, wanda har yanzu yana hannun mai wasa, kuma a kansa ne ake gane gwani da ɗan koyo. Babi na gaba zai dubi dabarar hawan bango da tsalle daga jikinsa.